Yadda Na Rufe Gidan Kaka da Siminti

Tun kafin kowa ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, hankalina bai kwanta da mutanen da ke tsayawa a tsallaken titi suna kallon gidanmu ba. Ina goyon 'yata ta biyu a lokacin, wanki ba ya ƙarewa, kullum ina waje wajen shanya, shi ya sa nake ganinsu. Wanda ya zo neman gidan wani, mai shago yake tambaya. Waɗannan kuwa sama suke kallo. Su kalli rufi, su kalli bututun hayaƙi, wannan ya nuna wa wancan da yatsa, su koma mota. Na faɗa wa Kaka, ta ce, "Uwar tsoro, an fara ko? Bar su su kalla, ai ba su gutsura ba." Na yi dariya don ta ga na yi, amma ranar ban ci abincin kirki ba. Ban yi nisa a makaranta ba, a aji shida na tsaya, sai dai abin da idona ya gani ba na mantawa, kuma ban taɓa ganin an kalli gidan talaka haka kawai ba.

Gidaje bakwai ne a jere a layinmu a nan Jos, duk na dutse. Kamfanin kuza ne ya gina wa akawunansa tun zamanin Turawa. Namu ne na farko, a daidai kwana. Mijin Kaka, kakana da ban riska ba, shi ne mai auna kuza a sikeli. Da kamfani ya tattara ya tafi, aka bar masa gidan da wata takarda guda mai hatimi, wadda Kaka ke ajiyewa a ƙasan adakarta, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ita ke nan shaidarmu. A gidan aka haifi mahaifiyata, a nan aka haife ni, a nan ta rasu ta bar ni a hannun Kaka. Da na yi aure ma ban daɗe a Dutse Uku ba na dawo, don maigidana direban babbar mota ne, yana kai dankali da kabeji kudu, sai ya yi sati biyu ba ya gari, Kaka kuma ƙafa ta fara yi mata gardama.

Idan na tuna gidan nan na dā, ƙara nake fara ji kafin in ga komai. Kwanon rufin mai kauri ne, ba irin na yanzu da yaro zai lanƙwasa da hannu ba. Idan ƙanƙara ta sauko a farkon damina, sai ka ce tifa ce ke juye tsakuwa a kanmu, ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba. Kaka takan ɗaga hannu ta ce a yi shiru, yanzu ba mu ne da magana ba. Tagogin na katako ne masu marfi biyu, kowace da irin kukanta. Ta ɗakin Kaka kukan 'yar akuya take yi, ta falo kuma gurnani kamar tsoho ya miƙe daga tabarma. Aikina ne duk Juma'a in ɗiga musu man gyaɗa da gashin kaza, su yi shiru kwana biyu, su koma gidan jiya. Sai murhun da ke cikin bangon falo, wanda duk baƙon da ya zo daga Kano sai ya tsaya ya tambayi ko a ɗaki muke girki. Ba girki muke yi ba. Sanyin Jos na lokacin ba irin wannan ba ne da yara ke yawo da singileti. Ruwan randa yakan sa haƙori ciwo. Da la'asar Kaka za ta hura itacen zaiti, ƙamshi ya cika gidan, ta tura dankali cikin toka, mu zauna muna juya ƙafafu kamar mu ma gasa mu ake yi. Da safe ni ke kwashe tokar in kai bayan gida inda ta shuka alayyafo, in dawo in goge dutsen murhun da ɗanyen tsumma har sai ta zo ta shafa da yatsa ta duba. Takan ce mutanen da suka fasa duwatsun nan a ka suka ɗauko su, ba wanda ya rubuta sunansu, don haka ko ba komai a riƙa share musu. Yanzu yara suna zaune kowa da waya a hannu, janareton maƙwabta na ta ruri, ba wanda ya san ƙarar gidansu.

Ina aji uku abin da ya sa mini tsoron nan ya faru. A tsallaken titinmu, inda shagunan masu sayar da waya suke yanzu, akwai ƙananan gidajen ƙasa a dā. A nan ƙawata Ladi take. Tare muke zuwa famfo, ita ta koya mini cin gwate, faten acca irin nasu, ni na koya mata tsallen igiya da ƙafa ɗaya. Wata rana da hantsi wasu mutum uku suka zo da takardu da bokitin jan fenti. Ina tsakar gidan su Ladi suka shigo. Abin da ya tsaya mini har yau shi ne ladabinsu. Suka gaida mahaifiyarta har da rusunawa, ta ba su ruwa suka sha, suka tambayi mutum nawa ne a gidan, tun yaushe suke zaune, wa ya gina. Tana amsawa tana murmushi, don ta ɗauka ruwan famfo za a ja musu. Da za su fita, ɗayansu ya tsoma buroshi ya yi alama a bango. Kafin damina ta ƙare katafila ta zo. Na tsaya a barandarmu ina kallo, bango ɗaya ya rage a tsaye da kalandar cocinsu a rataye, iska na kaɗa ta. An ce sun koma Anguwan Rukuba. Ban sake ganin Ladi ba. Na tambayi Kaka me ya sa nasu aka rusa, ta ce sun ce gidajen sun tsufa, sun ɓata gari. Wannan kalmar na riƙe: sun tsufa.

To ku duba halin da na shiga ranar da masu kallon nan suka tsallako titi. Wata budurwa ce mai tabarau, da littafi a hannu, da wani mutum mai kyamara a wuya. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Kaka. Gabana ya faɗi tun daga durƙuson.

"Mama, mu masu adana kayan tarihi ne," in ji ta. "Muna rubuta tsofaffin gidajen zamanin kuza, don a gyara su, baƙi su riƙa zuwa gani. Naku ya fi duka kyau. Ƙofar nan ma orijina ce ko?"

"Orijina kamar ni," in ji Kaka. "Mu biyu muka rage, kuma ita ta fi ni haƙora. Shigo, 'yata. Ke Uwar tsoro, kawo musu ruwa."

Na kawo ruwan. Mai kyamara ya riga ya shiga falo ya tsuguna gaban murhu yana ta ƙyas-ƙyas. Budurwar ta buɗe littafi. Mutum nawa ne a gidan? Wa ya gina? Sai ta ce, "Tun yaushe kuka zo garin nan?"

Wanda bai zauna a Jos ba zai ce ai tambaya ce kawai. Mu da muka zauna mun san inda takan kai mutum. Na ajiye faranti na ce, "Ba zuwa muka yi ba, a nan aka haife mu. Wa ya aiko ku?"

"Anti, sori, ba haka nake nufi ba."

"Malam, hotunan da ka ɗauka, goge su."

Ya kalli budurwar. Na tsaya a bakin ƙofa da yarinya a baya, na ce ba mai fita sai na ga an goge. Ya juyo mini da kyamarar, ɗaya bayan ɗaya ya goge a gabana, na waje da na ciki, har sai da ta nuna ba komai. Kaka tana ta cewa, "Ku yi haƙuri, tun tana ƙarama haka take, ko ƙadangare ya kalle ta sai ta tambayi wa ya turo shi." Da za su tafi suka roƙi Kaka izinin sa lamba, ta ce su sa. Budurwar ta ciro ɗan gwangwani daga jaka, ta rubuta lamba ɗaya a gefen ƙofa da shuɗin fenti.

Washegari na ɗauki yara na tafi shagon Kawu, ƙanin mahaifiyata, tela ne a Kwararafa. Yana taka keke yana saurarena, bai ko ɗago ba.

"Wane launi ne?"

"Shuɗi."

"To ai ja ne na rusau, 'yar nan. Shuɗi na masu allurar rigakafi ne, ko masu ƙidaya."

"Kawu, fenti fenti ne. In jan ya ƙare musu fa?"

Ya tsayar da keken. Na ce masa ya dubi layin da kyau. Shagunan tsallake masu tayil da gilashi, an taɓa su? Benen da aka gina bara a ƙarshen layi, an sa masa lamba? Mu bakwai kawai aka zaɓa, kuma abin da ya haɗa mu shi ne tsufa. Na tuna masa cewa takardarmu ta kamfanin da ya mutu ce, ba ta gwamnati ba. Na ce in dai tsufa ne laifin, to mu cire wa gidan tsufa kafin su dawo. Ya daɗe yana murza zare a yatsa, sannan ya ce, "Maganarki akwai hankali a ciki. Amma tsohuwa ba za ta yarda ba."

Mutum ɗaya ce ta hana ni kai tsaye. Maƙwabciyarmu ta gida na biyu, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, Mama Tica muke ce mata, 'yar asalin tsaunukan nan. Ta ga ana sauke yashi a ƙofarmu ta fito da sandarta.

"Maman Ummi, wannan yashi na mene ne?"

"Ɗan gyara ne, Mama."

"Kar ki taɓa dutsen nan. Na je mitin ɗinsu a makaranta, na ji da kunnena. Tsohon ne suna so. In kin gyara, kin ɓata."

Na ce to, na gode. Amma a raina na ce, ke ai kina da takardar gwamnati, sunanki ma kaɗai ya ishe ki shaida a kowane ofis. Yarda ba ta yi miki wuya. Allah Ya yafe mini wannan tunanin, matar da ta yi mini wankan jego tare da Kaka.

Maigidana da ya dawo na sha masa kai da tarin Ummi, na ce sanyin dutse ne, na ce ƙaramar ta fara rarrafe za ta faɗa murhu. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Sai Allah Ya kawo haihuwa a gidan goggona a Bukuru, aka zo aka ɗauki Kaka za ta yi kwana goma. Motar ba ta gama shan kwana ba na aika a kira birkila.

Birkilan dattijo ne. Ya zagaya gidan yana shafa bango da tafin hannu, sau uku yana tambayata, "Hajiya, kin tabbata? Irin ginin nan yanzu ko an ba ni shekara ba zan iya ba. Dubi yadda suka haɗa bakin dutse, ko allura ba ta shiga." Na ce ya yi aikin da aka kira shi. Ya bi duwatsun da guduma yana sassara su don siminti ya kama. Kwana biyu ina jin ƙarar nan a cikin haƙorana. Aka rushe bututun hayaƙi, baƙin shekaru ya zubo falo har sai da muka fita waje. Aka toshe murhu da bulo. Aka ɓamɓare kwanon rufi, 'yan gwangwan suka kwashe a baro suna murna da nauyinsa. Tagogi da ƙofa, mai gashin masara ta roƙa, na ba ta. Aka sa na alminiyan masu zugewa, aka yi filasta sumul, aka shafa fenti ruwan hoda. Lambar nan ni da kaina na tsaya sai da na ga siminti ya hau kanta. Ranar da aka gama na tsallaka titi na kalli gidan daga inda suke tsayawa, na ce yanzu ku zo ku nuna mini tsufa.

Kaka ta dawo a keke mai ƙafa uku. Ina jin mai keken yana cewa an iso, tana cewa, "Ba nan ba ne, yaro, wuce gaba. Gidan dutse na ce maka, na kwana." Na fito na ce, "Kaka, nan ne." Ta kalle ni, ta kalli gidan. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba. Na kama hannunta muka shiga. A falo ta tsaya gaban bangon da murhu yake a dā, ta kai yatsa ta shafa, ta duba yatsan kamar yadda take yi mini ina ƙarama.

"Ya yi tsabta," in ji ta.

Daga nan ta ce a shimfiɗa mata tabarma a wajen. Har yau a nan take zama da la'asar, ta miƙe ƙafafu wajen bango. Ta daina kirana Uwar tsoro. Da sunana na yanka take kirana yanzu, kamar baƙuwa.

Bayan sati uku budurwar nan ta dawo ita kaɗai. Ta wuce gidanmu har sau biyu tana duba littafinta. Da ta gane, ta cire tabarau ta zauna a kan dakalin Mama Tica. Ni na je na same ta, da ƙarfina, na ce to yanzu sai a cire mu daga cikin tsofaffi.

"Anti," ta ce, "ai kin cire kanki."

Ta yi mini bayani a hankali, Mama Tica tana ƙara mini inda ban gane ba. Gidajen da aka rubuta, ba mai taɓa su, masu su za su ci gaba da zama a ciki, a gyara musu rufi yadda yake. Amma layin matsattse ne. Manyan motocin da za su riƙa kawo baƙi suna buƙatar wajen juyawa da tsayawa a bakin layi. Masu tsarin sun so su ci kwanar nan tun farko, ita ce ta ce ba zai yiwu ba, gida mai lamba ɗaya ne a wajen. Yanzu in sun zo dubawa, gidan bulo mai ruwan hoda za su gani.

"To ki gaya musu abin da ke ƙarƙashi," na ce.

"Zan faɗa. Amma ogogin da za su zauna a kan maganar ba su taɓa taka layin nan ba. Hoto suke dubawa. Na sauran shida duk ina da su." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban buƙaci ta ƙarasa ba.

Na ce a ɓamɓare filastar. Birkila ya zo ya fasa tafin hannu ɗaya a gefe, dutsen ya fito duk sara, kamar fuskar da ƙyanda ta ci. Budurwar ta ce hakan zai taimaka, amma bai isa ba. In da za a samu tsohon hoto da ya nuna gidan da bututunsa da tagoginsa, za ta iya cewa ga yadda yake, kuma ana iya mayar da shi.

Ba zan ce muku yanzu na yarda da su ba. Ranar Asabar da ta wuce an kawo baƙi na gwaji, na leƙa ta taga ina kallonsu a gidan Mama Tica, suna ɗaukar hoton turminta da igiyar shanyarta, wata har da taɓa mata zane. Na ga ɗaya ya juya kyamara wajen Ummi, na fizgo ta ciki. Wa ya san inda hotunan nan ke zuwa? Wa ya san ko bayan an gyara za a ce mazauna ne ke ɓata wajen? Kawu ma cewa yake yi da lamba da babu lamba, kwanar nan sun riga sun sa mata ido, in daina cin kaina. Wata rana in yarda da shi, wata rana in kalli Kaka a kan tabarmarta in kasa. Abin da na sani shi ne, in akwai ƙofar da ta rage mana, wannan budurwar ce, kuma ni na tura ta da ƙafata.

Na zazzage adakar Kaka da akwatin mahaifiyata. Hotuna sun fi talatin, na salla, na suna, na aure. Duk a shagon mai hoto aka ɗauke su, gaban labule mai zanen jirgin sama ko bene mai fulawa. Shekara da shekaru muna saka sababbin kaya muna tafiya mu tsaya gaban gidan zane, ba wanda ya taɓa tunanin tsayawa gaban namu.

Shi ya sa na rubuta wannan. Mutane da yawa sun zauna a layin akawunan kuza sun tashi, wasu suna Bauci, wasu Kaduna, wasu nan cikin gari. An yi bukukuwa a titin nan, an yi zaman makoki, 'yan makaranta sun yi jerin gwano. Wataƙila a bayan wata amarya, ko bayan wani da ya sayi sabon babur, gidanmu ya fito, ko da rabinsa ne, ko da bututun kaɗai. Ladi, in kina raye kuma wannan ya iso gare ki, ƙofarku ce ke kallon tamu, ki tambayi mahaifiyarki.

An ce ogogin za su zauna a kan maganar kafin damina ta ƙare. Don Allah ku buɗe akwatunan iyayenku ku duba. In kun samu, ba sai kun bar mini ba, a gabanku za a ɗauki kwafinsa ku koma da abinku. Gidan farko ne a kwana, mai ruwan hoda. Ku ƙwanƙwasa da ƙarfi, ku ɗan yi haƙuri a bakin ƙofa. Kaka ba ta ji sosai, ni kuma sai na leƙa tukuna kafin in buɗe.